Karan Inna da Tsohuwar Jif ɗin Kwatano

Tun ranar da na shigo Birnin Kebbi da motar nan ban huta ba. A ofis tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, ko tsire na tsaya saye sai wani ya dafa mini kafaɗa: "Malam Umaru, yaya Kwatano? Da gaske motoci zube suke kamar albasa a Aliero?" Sai na gama ba mutum goma labari, na sha ɗaya ya iso ya ce a faro masa daga farko. To ga shi na rubuta. Duk wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa takarda, in ci tsirena da zafinsa.

Masu cewa na sayi jif don in yi burga a sabuwar sakatariya, ku ji tsoron Allah. Ga yadda abin yake. Mahaifiyata, Inna, tana Argungu. Yayarta, wadda ta goye ta bayan rasuwar uwarsu, tana Tungar Alu, can cikin fadama. Yaya Kulu Inna ke ce mata, mu ma muka tashi muna faɗin haka. Shekara shida rabonsu da juna. Inna gwiwa ta kama ta, Yaya Kulu kuma ido ya tafi. Mun gwada tasi, ta kafe a rairayi tun ba a yi nisa ba. Mun gwada amalanke, girgizar ta sa Inna hawaye, aka juyo da ita. A bazarar shekara ta uku da ba mu jiha aka aiko cewa Yaya Kulu ta kwanta, ba ta iya cin komai sai kunu. Kowa kuwa ya sani, da zarar ruwa ya sauka gulbi ya cika, hanyar tungar ta rufe ke nan sai bayan kaka.

Na sayar da shinkafar da na noma shekara biyu, na haɗa da babur ɗina. Abin da ya taru ba zai sayi sabuwar mota ba ko a mafarki, sai dai tsohuwa, ta hannu. Abokan aiki suka yi mini caa. Wannan ya ce tsohuwar jif sai ta cinye albashina ta nemi ƙari. Wancan ya ce ga wahalar mai, ga kayan gyara sai an je Kano. Wani ya ce in sayi ƙaramar mota mai kyau kamar kowa, in bar tsofaffi da addu'a. Wannan na ƙarshen, mako guda ban amsa sallamarsa da daɗin rai ba.

Ana gobe tafiya na je Argungu sallama, ni da iyalina. Ni ne ɗan fari, saboda haka tsakanina da Inna sai kunya. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido, in tana da magana sai ta ba wani ya miƙo mini ko da ina zaune a gabanta. Ran nan ta kira matata Hadiza, ta zaro wani karan dawa daga ƙarƙashin tabarma, bai kai kamu ɗaya ba, an yanke shi tsaf da wuƙa.

"Ki ba mutumin Birni," in ji ta. "Iyakar inda ƙahwata ka kai ke nan. In matakar motar ta ɗara wanga, shi bar musu abarsu."

Ashe ta jingina da bango ta ɗaga ƙafa iya ƙarfinta, aka auna mata. Haka take saya mana takalmi muna yara, ta auna ƙafa da tsinke ta ba mai zuwa kasuwa. Na karɓa da hannu biyu, na naɗe shi cikin daddumata.

Abokin tafiyata Mu'azu ne, ɗan kawuna, makanike a Argungu. Taubashina ne, don haka bakinsa ba ya barina ko minti ɗaya. Bai taɓa kirana Umaru ba, sai Akawu. Ya zo tasha da jakar buhu mai ƙarar ƙarafa, na ce mene ne a ciki, ya ce, "Kai dai riƙe biro, Akawu. Wanga ba aikinka ba na."

Daga Birnin Kebbi muka bi ta Kalgo da Bunza zuwa Kamba, mu tara a motar mutum bakwai, da buhun busasshen kifi a bayan wuyana. A Kamba muka canja kuɗi, na ɗaure su a lalita na zagaya ƙugu, na saki riga a kai. Daga nan har Kwatano duk wanda ya gan ni zai ce tumbi ne.

A kan iyaka, ɓangaren Gaya, wani jandarma dogo ya duba katin rigakafinmu, ya sa aka buɗe kaya. Ya warware dadduma, kara ya faɗo. Ya ɗaga shi sama, ya jujjuya, ya shinshina, ya leƙa cikinsa. Ya yi tambaya da Faransanci, na amsa da Turanci, muka tsaya muna kallon juna. Sai na ga yana shirin karya shi ya ga abin da ke ciki. Mu'azu ya yi wuf ya juya harshe zuwa Zabarmanci, ya yi masa bayani yana ɗaga ƙafa ɗaya yana ɗingishi. Jandarma ya tuntsire da dariya har ya kira abokin aikinsa. Ya ce shi ma tsohuwarsa har gobe da zare take aiko masa awon takalmi. Da hannunsa ya naɗe karan ya mayar, ya ce in gaishe ta.

Muka haye gadar Kwara muka faɗa Malanbil, ƙasar Binin. Kasuwa ce babba, kuma Hausa na ci a cikinta sarai. Abin da ya fara ba ni mamaki burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawo da tauri, ana ɗaukarsa a hammata ba ko takarda. Mai shayi kuma ba kofi yake ba ka ba, kwano yake cika maka. Na ce masa ni ba fura na ce ba. Na gatsa burodin nan sai da dasashina ya yi jini, Mu'azu na gefe yana tsoma nasa a kwano hankali kwance, bai gaya mini haka ake yi ba sai da na cinye rabi.

Washegari muka isa Paraku da rana tsaka, muka nufi tashar jirgin ƙasa sayen tikiti, muka tarar da taga a rufe. Na ce ko yajin aiki ake? Aka ce a'a, a nan in sha biyu ta yi kowa gida yake tafiya ya ci ya kwanta, sai ƙarfe uku. Ma'aikaci, da rana tsaka, da sanin gwamnati! Mu'azu ya ce, "Kada ka kai wagga al'ada Kabi, Akawu. Ku da ba a ba izini ba ma kuna yi." Muka zauna wajen wata mai abinci muka ci sakwara da miyar gyaɗa, da wani soyayyen cuku da suke ce wa wagashi. Wallahi wannan kam sun iya. Na ci malmala uku, na yi kunyar neman ta huɗu.

Jirgin ya tashi da safe, yana tafe yana tsayawa kowane ƙauye kamar mai gaishe-gaishe. Ko'ina ya tsaya mata su yanyame tagogi da abarba da doya da lemo. Na ga wani abu ƙunshe a ganye na ce alale ne, na sayi huɗu. Na buɗe, fari fat, na kai baki, tsami ya doke ni har kunne. Ashe dafaffen kamu ne, akasa, da miya ake ci. Matar da ke kusa da ni ta yi ta dariya, ta buɗe kwanonta ta zuba mini miyar kifi mai yaji. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata yaren, amma kafin mu rabu na san 'ya'yanta biyar ne, ita ma ta san inda za ni da abin da zai kai ni.

Kwatano! Mun sauka ana yayyafi, alhali mun baro gida rana na gasa mutane. Zafinsu daban ne, gumi ba ya bushewa, riga ta manne maka a baya tun safe. 'Yan kabu-kabunsu duk da rawayar riga iri ɗaya, sun fi ƙudan kasuwar kifi yawa. Na ga mace da goyo a baya, ita ke tuƙa babur ɗinta, da kwandon kaya a gaba. Na juya ina kallonta har na kusa faɗawa kwata.

A Zango muka sauka, gidan wani fatoma, Alhaji Sidi, wanda wani ɗan kasuwar Kamba ya haɗa mu da shi. Tsarin wurin shi ne, baƙo ba ya biyan ɗaki, ba ya biyan abinci, amma ba ya ciniki sai ta hannun mai gida, shi kuma ya ci la'adarsa. Alhaji Sidi Bakatsine ne, shekararsa talatin a can. Da ya ji daga inda muka fito sai ya ɗaga murya cikin gida: "A ɓoye kifi, Kabawa sun iso!"

Mu'azu ya ce, "Ashe bawanmu munka iske. Tashi ka ɗauki kaya."

Daga nan muka zama 'yan gida. Ya ba mu ɗaki da tabarmi biyu da gidan sauro guda, wanda Mu'azu ya ce na babba ne, kuma ya girme ni da wata huɗu.

Da safe Alhaji ya kai mu filin motoci, kusa da tashar jiragen ruwa. Jama'a, wanda ya ce kamar albasa a Aliero ya rage. Fili ne na rairayi, motoci jere iyakar ganinka, kowace da alli a gilashi. Ni da na zo da niyya ɗaya sai na ji kaina ya juye. Ban yi taku hamsin ba na gan ta: jif baƙa wuluk, tana ƙyalli, kujeru na fata. Na shiga na zauna na kama sitiyari. Ba zan yi muku ƙarya ba, a lokacin ba Tungar Alu na gani ba. Kaina na gani ina shiga sakatariya, mai gadi na sara mini, wanda ya ce in bar tsofaffi da addu'a yana leƙe ta taga.

Mu'azu ya matso kusa da ita. Ya buɗe jakarsa ya ɗauko mayen ƙarfe, ya naɗe a tsumma, ya riƙa bin jikin motar da shi. A ƙofar gaba ya kama, a ta baya ya kama, da ya zo gefen hagu sai ya sulale ya faɗi ƙasa. Ya ce, "Nan ba ƙarhe ba na, ciko na. Ta sha karo anka shahe." Ya sa aka tayar da ita, ya kara farin hankici a bakin salansa, ya nuna mini, ya yi baƙi da maiƙo. Na ce ai ana gyarawa. Ya ce, "To ɗauko karan Inna." Na ɗauko ba da son raina ba. Na kafa shi a ƙasa, bakin ƙofar ya ɗara shi da kusan taƙi guda, kuma ba ta da mataka. Na mayar da kara cikin dadduma, raina a ɓace, kamar shi ya yi mini laifi.

Muka yini muna zagaye. Wadda ta yi wa kara, Mu'azu ya ƙi. Wadda Mu'azu ya yarda da ita, lalitata ta ƙi. Sai wajen la'asar Alhaji ya ce akwai wata can ƙarshen fili, ta daɗe ba a taya ba. Muka je. Ruwan toka ce, fenti ya koɗe, shekararta goma sha uku a takarda, da ƙugiyar jan kaya a baya da mataka a gefe. Kujeru layi uku. Na kalle ta na kalli Alhaji na ce, "Wannan ai sa'ar Inna ce."

Mu'azu kuwa ya tuɓe riga ya shige ƙarƙashinta da ƙusa a hannu, yana soka ko'ina yana neman tsatsa. Alhaji ya ce a ƙasar Turawa gishiri suke zuba wa titi lokacin sanyi, shi ke cin cikin mota. Gishiri, a titi! Mu'azu ya fito da rairayi a gashi yana murmushi. Aka kawo batir aka tayar. Ya ɗora bakin sukundireba a kan injin, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu. Ya gwada hankici, ya fito fari. Bai ko kalli lambar tafiyarta ba, wai ana juya ta baya. Robar wurin taka birki da ta kuloci ya duba, ya ce ƙafa ba ta ƙarya. Sa'an nan ya jawo ni gefe ya rage murya: "Akawu, wagga ita ta. Tsoho yat tuƙa ta, mai haƙuri."

Na buɗe ƙofar baya don in ga inda Inna za ta zauna, wani wari ya tare ni. Kujera duk gashi, fari-fari, gajeru. Na tambaya, Alhaji ya tambayi mai motar da Faransanci, ya juyo yana danne dariya. Wai gashin kare ne. Turawa da karnukansu suke shiga mota, a kan kujera, wani ma har bargo ake shimfiɗa masa.

Na yi baya kamar na taka wuta. Na ce, "Uwata, mai alwala tun asuba, in ɗora ta inda kare ya kwanta? Wallahi ko kyauta!" Ko kara ban ciro ba, na juya na yi tafiyata.

Kwana biyu ina fushi. Alhaji ya kai mu bakin teku don in huce. Mu'azu, jikan masunta, wanda tun daga Kamba yake cika baki cewa ba ruwan da zai ba shi tsoro, ya naɗe wando ya shiga har gwiwa. Igiyar ruwa ɗaya ta taso ta fi shi tsawo, sai ga shi a guje ya wuce ni, takalmi ɗaya ya tafi. Ya ce wannan ba ruwa ba ne, ba shi da ɗaya gaɓar. Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Muna nan hadari ya haɗo daga kan teku, baƙi ƙirin, aka tsuge da ruwa. Muka fake a wata rumfa. Alhaji ya dubi sama ya ce, "Malam Umaru, ruwan nan da kake gani arewa ya nufa. Kowace shekara daga nan yake farawa, ya bi hanyar da kuka biyo."

Dariyata ta tsaya. Mu'azu ya matse rigarsa, ya ce, ba wasa a muryarsa, "Gashin kare sabulu ka hidda shi. In gulbi ya cika, mi za ka wanke shi da shi? Kai dai baƙar ta shiga ranka, hwaɗi gaskiya."

Na ji haushi, don gaskiya ya faɗa. Kare na samu na fake da shi. Na tuna Yaya Kulu, yadda take ɓoye mini ƙwan zabi a cikin tukunya in mun je hutu, na ji kunya ta rufe ni. Ban jira ruwa ya ɗauke ba na ce mu koma filin.

Tana nan inda muka bar ta, cikin jiƙaƙƙen rairayi. Na durƙusa na kafa kara a gindin mataka. Daidai! Har da ragowar yatsa guda. Na sake gwadawa a ɗaya gefen, haka. Na yi kabbara da ƙarfi har masu gadi suka waiwayo. Alhaji ya shiga ciniki, ya tashi ya yi kamar zai tafi sau uku, mai motar ya kamo rigarsa sau uku, a na huɗu aka sallama. Na kwance lalita, tumbina ya sace nan take.

Muka ja ta zuwa wajen mai faci ya cika tayoyin da iska, don ta daɗe a tsaye duk sun kwanta. Daga nan sai wajen wanki. Na tsaya a kansu aka ciro kujerun nan aka wanke da sabulu da burushi, aka sake, aka sake, sai da masu wankin suka ce in ba fata nake so su cire ba ya isa. Na sayi turaren wuta a Zango na banka mata.

Dawowa kam ba a magana. Mu'azu na tuƙi, ni ina gefe da gwiwar hannu a taga, duk wanda muka wuce sai na ɗaga masa hannu ko ban san shi ba. Bayan Paraku na ce bari in kunna mana sanyi, na murɗa wani maɓalli. Jim kaɗan muka fara gumi, ƙafafuna kamar a bakin murhu. Mu'azu ya tsaya a firgice ya buɗe gaba yana neman inda wuta ta kama. Ashe motar ƙasar sanyi ce, abin ɗumama ɗaki gare ta, na sanyi kuwa babu shi sam. Mai kuma tana shansa ba bismilla. Kowace tasha muka tsaya sai na tuna abokan aikina.

A Kandi ruwa ya cim mana. A kan iyaka takardun shigo da mota suka ci mana kwana biyu, ina zaune a benci ina kallon gabas, ina bin kowane gajimare da ido. Da aka buga hatimi na ƙarshe ko abinci ban tsaya ci ba. Kamba a bushe, Bunza a bushe. Muka tsaya gidana a Gesse, cikin Birnin Kebbi, muka ɗauki Hadiza, maƙwabta na fitowa kallo muna fita, muka bi ta Ambursa. Hantsi bai gama ɗagawa ba muna ƙofar gida a Argungu.

Unguwa ta fashe. Mata na guɗa ta kan katanga, tsofaffi na shafa jikin motar suna sa albarka. Aka fito da Inna, ta yi lulluɓi da zanenta na zuwa biki, da ƙullin tsaraba, tana dogara sanda, Hadiza na riƙe da ita. Na buɗe ƙofa na koma gefe na sunkuyar da kai, raina fari tas. Ta kama ƙofa, ta ɗaga ƙafa. Ƙafa ba ta kai ba. Ta sake cije leɓe ta ɗaga, yatsunta suka goge ƙarfen suka dawo ƙasa.

Inna ta ce wa Hadiza, a hankali, "Ba a gwada ba?"

Na ciro kara na kafa. Mataka ta ɗara shi da yatsa huɗu. Yatsa huɗu! Na rantse na gwada, Mu'azu shaida ne, amma wa zai yarda? Wata ta kawo kujera 'yar tsugune, Inna ta girgiza kai. Daga kan irinta ta faɗo gwiwar ta lalace, tun ran nan ba ta taka abin da ke motsi. Wani ya ce a ɗaga ta mana. Ni dai na san ko sama za ta faɗo Inna ba za ta yarda ɗan fari ya ɗauke ta a gaban jama'a ba, balle wani namiji. Ta gyara lulluɓi ta ce, "Ba komi. Allah bai nuhwa ba." Ta juya za ta koma ciki. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai Mu'azu ya buga cinya. "Akawu! Cikin rairayi munka auna ta, taya ba iska!" Ya ce, "Gwaggo, dakata kaɗan." Ya tsuguna ya ciro tsinken ashana ya danna bakin tayar baya. Iska ta fara fita, fiii. Ya koma ta gaba. Muna kallo motar nan ta riƙa sunkuyowa a hankali kamar raƙumi zai durƙusa. Na kafa kara, saura yatsa biyu. Saura ɗaya. Daidai.

Inna ta dubi mataka, ta yi bismilla, ta ɗora ƙafa, Hadiza ta tallafa mata, sai ga ta zaune. Guɗar da aka yi har bakin kasuwa an ji. Mu'azu ya rage iskar ɗaya gefen ma, ya ce dama rairayi ya fi son taya mai laushi, kuma akwai famfo a jakarsa.

Muka gangara fadama. Inda tasi ta kafe, Mu'azu ya ja ƙaramar giyar nan mai sa tayoyi huɗu su ja tare, tsohuwa ta yi gurnani ta haye kamar ba komai. Na daki gaban motar na ce, "Haka nake so, 'yar gari!" Inna na baya tana ba Hadiza hanya: a bi ta gindin giginya, a bar tsohuwar rijiya a dama. Shekara shida, ba ta manta ko kwana ɗaya ba. Gabas kuwa ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa ciyawa.

Da azahar muka shiga Tungar Alu. An fito da Yaya Kulu inuwar ɗaki a kan tabarma, ta rame har ban gane ta ba. Mota ba ta zuwa tungar sai da mugun labari, saboda haka da ta ji ƙugin inji sai ta yunƙura ta zauna, tana juya fuska inda ƙarar take.

"Wa ar rasu?" in ji ta. "Ku hwaɗa mini, Nana ta?" Haka take kiran Inna.

Inna ba ta jira an buɗe mata ƙofa ba. Ta leƙo ta taga ta ce, "Ba wanda yar rasu, Yaya. Ni ta. Na taho tun muna da rai."

Aka sauko da ita, ta yar da sanda ta zube a tabarmar. Yaya Kulu ta bi fuskarta da yatsu, goshi, kunci, haɓa. Ta ce, "Nana, kin tsuhwa." Inna ta ce, "Ke hwa?" Suka fashe da dariya, dariya ta koma kuka. Ni da Mu'azu muka zagaya bayan mota, kowa ya sami taya yana dubawa.

Ba mu yi awa biyu ba aka fara yayyafi. Na aika Hadiza ta ce wa Inna a shirya, kada hanya ta rufe. Ta dawo ta ce Inna ta ce mu kama hanya, ita sai kaka. Muka fito da gudu, ruwa na bin mu, kujerar Inna ba kowa sai buhun shinkafa da aka cusa mana.

Masu son sanin ko tsohuwar jif abin saye ce, ga amsa: tana shan mai, ba ta da sanyi, wata biyu da zuwanta famfon ruwanta ya mutu sai daga Kano aka kawo. Duk abin da kuka faɗa ya tabbata, kuma ban yi nadama ba ko ta ƙwayar gero.

Tsakiyar damina wani masunci ya zo Argungu da jirgin ruwa ya kawo saƙo. Yaya Kulu ta cika ranar wata Alhamis da hantsi. Ya ce kanta na bisa cinyar Inna, kuma Inna ce ta ba ta ruwa na ƙarshe da hannunta.